Awa Shida Ta Takarda

"Kilomita nawa kika ce?"

"Dubu biyar da ɗari biyu, Baba... amma a jirgi awa shida da minti arba'in ne kacal, daga filin jirginsu zuwa namu."

Baba ya dire kofin shayinsa ya kalle ni sama da ƙasa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan tirela ba a yi masa burga da lissafin hanya.

"Auta, awa shidan nan ta takarda ce. Lodin fasinja fa? Layin duba fasfo fa? Cunkoson cikin gari? Direba daga ƙofa zuwa ƙofa yake ƙirga tafiya. Ba zan aurar da ke inda zan kira ki da safe rana ta faɗi ba ki iso ba!"

Na shige ɗaki ina kuka wiwi. Shekara biyu muna soyayya da Injiniya, mai gyaran injin jirgin sama a can ƙasar da yake aiki, ga shi magana ɗaya za ta raba mu. Na kira shi na zayyane masa komai.

"Haba sanyin idona, daina kukan nan, har cikin raina nake jin sa. Baba yana da gaskiyarsa."

"Au, bayansa ma za ka bi?"

"Don in same ki ne ai..."

Bayan sati biyu, ƙarfe shida na safe, Baba ya karɓi wayata ya kira shi.

"Ina nemanka yau," ya ce, ya kashe.

Ya jefa wayar a aljihu, ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, ya miƙe ƙafa a kujerar falo.

"Haba Malam!" in ji Umma. "Yaron nan zai ɗauka mutuwa aka yi!"

Wayar ta yi ta ruri a aljihunsa, ko gezau bai yi ba. Ni kuwa ranar ko ruwa bai wuce maƙogwarona ba, ina ta safa da marwa tsakanin taga da ƙofa.

Biyar saura minti goma tasi ta tsaya a ƙofar gida.

Injiniya ya faɗo falo da kayan aikinsa a jiki, hannuwansa dumu-dumu da baƙin mai, ko jaka babu. Ya zube gaban Baba yana haki.

"Baba lafiya? Me ya faru? Jirgin ƙarfe tara na samu, kujera ɗaya ta rage..."

Wallahi ji na yi kaina ya fasu! Kamar in fita titi in tara unguwa kowa ya zo ya ga mijin da na zaɓa.

Baba ya ɗauki agogon ya duba.

"Awa goma da minti hamsin," ya ce. Sai ya mayar da agogon kan tebur. "Ranar da mahaifiyata ta sa aka kira ni, kilomita ɗari takwas ne kawai tsakaninmu. Na ce bari in sauke kaya tukuna. Da na iso... an dawo daga maƙabarta."

Hawaye suka zubo masa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya kamo hannun Injiniya ya riƙe gam, baƙin man yana ɓata masa farar riga.

"Kai ko hannu ba ka tsaya wankewa ba. Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."