Matacciyar Mitar Iska

Da hantsi wani tsohon bakanike da ya daina aiki ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda. Ya ce an cire mitar iskar motarsa, an sa masa matacciya, kuma maigadinsa yake zargi. Aka rufe maigadin a sel.

Sufeto ya tafi gidan tare da bakaniken 'yan sanda. Gida ne babba, amma kujera ɗaya ce a tsakar gidan, kofi ɗaya a kan tebur.

Aka tayar da motar. Injin ya yi ta kakari, baƙin hayaƙi na fita ta salansa. Bakaniken 'yan sandan ya zare soket ɗin mitar, sautin bai sauya ba.

"Ta mutu, Yallaɓai. Ita ke auna iskar da inji ke shaƙa. Da tana da rai, da injin ya nuna an taɓa ta. Amma wanda ya ɗaura ta gwani ne, ko ƙura bai bari ta shiga ba."

A sel, maigadi ya ce, "Ni ko bonet ban iya buɗewa ba. Shekara tara ina wannan ƙofar."

"Wa ke zuwa gidan?"

"Babu kowa. Ɗansa ma, mai gyaran wayar mota, shekara biyu bai leƙo ba."

Sufeto ya koma gidan tsohon, ya shiga garejinsa. Tsofaffin kayan mota jere a kan kanta, kowanne an rubuta masa da farin fenti ranar da aka cire shi. Gurbi ɗaya ne babu komai. Ya sa aka kwance mitar daga motar, ya juya bayanta. Ga fentin nan, an kankare amma bai fita ba.

"Baba, rubutun wa ne wannan?"

Tsohon ya zauna a kujerarsa.

"Nawa ne. Mai kyaun tana ƙarƙashin gadona. Na ɗauka in ɗan nawa ya ji motar ta lalace zai zo. Sai ya turo saƙo wai in kai gareji. Na ce to, in ya ji maganar ta kai ga hukuma fa?"

"Shi ne ka ɗora wa mutumin da ke gaishe ka kullum sata? Kaɗaici ba lasisin ƙazafi ba ne. Tashi mu tafi."

A kantar ofishin 'yan sanda aka saki maigadi. Ya wuce bai dubi tsohon ba.

Kofur ya buɗe littafi. "Wa za a kira maka, Baba?"

Ya faɗi lambar ɗansa da ka. Wayar ta yi ta ringi har ta katse.