Bijimin Inna Batulu da Megabait Biyu

Ranar kasuwar Sara da hantsi, Inna Batulu ta Kwandiko ta faɗo ofishin 'yan sanda na Gwaram tana haki. Bijiminta na huɗa, wanda ya ɓace kwana tara, ta gan shi a kara a hannun wani dillali, Ɗanbala.

Sufeto Munzali ya sa ta a mota suka tafi.

"Sana ne, yallaɓai," in ji Ɗanbala, ya miƙo waya. "Ga rajista."

Ƙungiyar masu shanun huɗa ta yankin tana da shafi a intanet, kowa ya tura hoton sansa a rubuta sunansa. Ga bijimin kuwa, fari mai baƙin kunne, da sunan Ɗanbala da kwanan watan bara. Rajistar Batulu ko sama ko ƙasa.

"Wa ya tura maka hoton?"

"Sakataren ƙungiya, Malam Iliyasu, da wayarsa."

"Ni ma na yi rajista, ɗan nan," in ji Batulu. "Damina ta kawo kai. In aka bar masa, da me zan yi huɗa?"

Sufeto ya sa aka ɗaure bijimin a ofis, aka tsare Ɗanbala, ya nufi Birnin Kudu wurin Hafsat, wadda ta gina shafin. Ba a ɗauko kowa daga Kano ko Legas ba, 'yar gari ce, kuma mutanen garin ba sa gajiya da faɗin haka.

Hafsat ta buɗe kwamfuta ta ƙura wa hoton ido.

"Ya yi kyau da yawa, yallaɓai."

"Kyau laifi ne?"

"A nan laifi ne. Sabis ɗin ƙauyukanmu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, shi ya sa tun ranar farko na sa ƙa'ida: duk hoton da ya haura megabait biyu, shafin ba ya karɓa, sai an rage shi. Na sha zagi a kan haka. Wannan megabait shida ne. Ba ta ƙofa ya shigo ba, an ajiye shi ne kai tsaye a rumbun shafin, inda ake iya sauya kwanan wata."

"Su wa ke da kalmar sirrin rumbun?"

"Ni da sakatare." Ba ta ko ƙifta ido ba. "Ka bincike mu duka."

Washegari Iliyasu ya zo ofis cikin babbar riga, yana gaisawa da kowa kamar ɗan takara.

"Kai ka tura hoton nan?"

"Ni ne, bara, da wayar nan."

"Ta shafi, kamar kowa?"

"Kamar kowa."

"Ba ka taɓa shi ba, ba ka rage shi ba?"

"Yadda na ɗauka haka na tura. Ga shi ma a wayata."

"Madalla. Sake turawa in gani."

Iliyasu ya danna. Wayar ta yi ɗan juyi, sai jan rubutu ya fito: hoto ya haura megabait biyu. Ya sake dannawa. Amsa ɗaya.

"Sabis ne, yallaɓai."

"Sabis ya cika taf, Malam. Bara wane shafin ne ya karɓa?"

Iliyasu ya ajiye wayar. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

"Ɗanbala mijin ƙanwata ne," ya ce a hankali. "Shi ya kwance san, ni na goge sunan Inna na sa nasa. Rumbun bai tambaye ni nauyi ba, sai na manta."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ciki inda Ɗanbala ya riga shi.

A waje Batulu ta riƙe igiyar bijiminta gam, wani kofur ya nemi ya taya ta ja, ta ƙi. Ta juyo wurin Sufeto.

"Yarinyar nan da ta gano, daga wace ƙasa aka kawo ta?"

Sufeto Munzali ya gyara hula, alfahari ya cika shi.

"Ba kawo ta aka yi ba, Inna. Tamu ce."