Ƙwayar Zobe a Cikin Tauraro

Ranar Talata, tara ga watan Yuni, gari ya waye da yayyafi. Auta na shan shayi a falon Mama, mahaifiyar saurayinta Dogo, sai idonta ya sauka kan yatsanta. Ƙwayar zobenta babu ita, sai rami.

Mama ce ta sa mata shi da hannunta, ta ce, "Na uwata ne, kada in ga kin cire." Auta kuwa ba ta cire ba, har a ɗakin da ita da sauran ɗalibai ke haɗa ƙaramin tauraron ɗan'adam mai auna zafin hasken rana, inda aka hana shiga da zobe. Safar hannu take ɗorawa a kai. Jiya wani noti ya ƙi kamuwa, ta zare safar na minti ɗaya, daga nan aka rufe tauraron.

Ga wasiƙa a kan tebur, wadda Mama ta rubuta wa baban Auta da ke aiki a nesa, tana neman a sa ranar aure. Yau za a kai ta gidan waya. Yau kuma za a tafi da tauraron inda roka za ta ɗauke shi zuwa sama.

Auta ta ja Dogo baranda, ta nuna masa yatsan. "Ina jin tana cikin tauraron."

Dogo, wanda shi ne shugaban ɗaliban, ya dafe kai. "Auta, filis! In an buɗe sai an sake duk gwajin. Roka ba za ta jira mu ba. Sai mun jira shekara guda ke nan, ni ma ba zan gama makaranta bana ba!"

Ashe Yaya, babbar 'yar'uwarsa, tana ji. "Ke, wa ya gani? Abu kamar ƙwayar shinkafa! Juya zoben, gobe in kai a sa wata."

"Yaya, can sama babu nauyi. Yawo za ta yi ta yi har ta tare idon da ke kallon rana. Wahalar mutum goma sha biyu ce fa."

"To, malamar sama! Sai ki auri tauraron."

Ƙarfe goma Auta na gaban Farfesan da ke kula da aikin, ta faɗa masa komai. Aka buɗe tauraron. Ga ƙwayar nan maƙale kusa da idon.

Da yamma Mama ta tare ta a bakin ƙofa. "Zoben uwata kin lalata, shekarar ɗana kin cinye! Me ya rage?" Ta karɓe zoben da ƙwayar, ta jefa wasiƙar cikin jaka. Auta ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ba ta ce umarnin wa ta bi ba.

Sati biyu Dogo bai yi mata magana ba. A na uku ya jawo kujera kusa da ita, ya ce, "Sori. Miƙo min sukudireba."

Bayan wata goma sha ɗaya aka gayyaci iyaye su ga tauraron ta bayan gilashi kafin a tafi da shi. Mama ta tsaya a ƙofa, ta daɗe tana karanta takardar da ke manne, sannan ta dubi Auta.

"Dokar zoben nan, tun da can take?"

"E, Mama."

"Kika bar ni ina ta zagin ki?"

"Kunyarki na ji ban faɗa ba tun farko. Kuskuren nawa ne."

Mama ta buɗe jaka, ta fito da zoben, an mayar da ƙwayar. "A nan ki cire, a gida ki sa. Yarinyar da ta zaɓi gaskiya alhali aurenta na kan tebur, ita nake so a gidana."

Haka ne. Kunya ta jawo kuskuren, gaskiya da haƙuri suka gyara shi.

Wasiƙar ta yamutse a jaka, amma Mama ta ƙi sake wata. Washegari ita da kanta ta bi layi a gidan waya, ta liƙa kan sarki, ta jefa ta cikin akwati.