Fukafukin Jirgin Alhaji Dodo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso. Gabas da Urafane akwai wurin da ake kira Filin Jirgi. Zamanin gyaɗa ne wani attajiri, Alhaji Dodo, ya kori manoma, ya sa aka zuba marmara aka daɓe, don ɗan jirginsa ya riƙa sauka. Gyaɗa ta mutu, Alhaji ya bi ta, jirgin ya zama inuwar awaki. Ƙasar kuwa ko ƙaya ba ta fiddawa.

Sai matan gari, Inna Safi a gaba, suka ari filin wurin magada, da sharaɗin kada a taɓa jirgin. Da diga suka fasa marmarar nan, suka haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama, suka yi ta jidar taki a ka. Har wake da yakuwa suka rufe wurin.

Rannan Hashim, jikan Alhaji, ya faɗo komisariyar 'yan sandan Tasawa yana huci. Ya ce an yanke fukafukin jirgin kakansa, matan nan ne, a kore su kafin a cire wake.

Insifekta Sabiru ya hau babur ya tafi. Ya tarar da Inna Safi tsaye cikin wake, ta ƙi ko gaishe shi.

"Inna, wa ya yanke shi?"

"Ni za ka tambaya? Dubi ƙasa, ɗan nan."

Ya duba. Tayar kamiyo, babbar motar kaya, ta bi ta kan ramukan, ta rushe gaɓoɓinsu, ta markaɗe shuka har gindin jirgin.

"Ko jikata ta taka gaɓar rami sai ta sha mari," in ji ta. "Ni zan kira mota ta bi ta kan bayana?"

Fukafukin na sanholo ne, Insifekta kuwa ya san inda sanholo ke ƙarewa. Ranar kasuwar Gidan Amumune ya tsaya rumfar Mutari mai zubin tukwane. Mutari ya rantse gwangwanin lemo kaɗai yake narkawa. Insifekta ya tura tulin ƙarafa da ƙafa, sai ga wani falle mai shuɗin fenti, ƙusoshi jere a jikinsa.

"Wanne lemo ne ake buga wa ƙusa?"

Mutari ya ce wani baƙo ne ya kawo, bai san shi ba.

Kun dai san masu zubi. In tukwanen aure ne, sai an zuba sunan amarya a kan murfi. Insifekta ya yaye buhun da ke bayan rumfa: tukwane sababbi fil, babba da ƙarami, kowane murfi an zuba masa NABILA.

Tasawa duka ta san wanda zai auri Nabila bayan kaka.

A komisariya aka ajiye wa Hashim murfi a gaba. Ya ce Nabila ai ba ɗaya ba ce a duniya. Aka shigo da Mutari, wanda ya gaji da ƙarya, ya nuna Hashim da yatsa, ya ce shi ya kawo fukafukin. Nan Hashim ya fashe: shi ya sa aka yanke, don wani ɗan kasuwa na son filin tunda ya yi kore, dangi kuma sun hana a tashi matan sai in sun karya sharaɗi.

"Hilin kakana ne," ya ce.

Inna Safi, da aka kira don ta ji, ta miƙe daga benci.

"Gonar ubana ce kakanka ya daɓe. Na roƙe ku aron abin da ke nawa, na raya shi da hannuna, yanzu kuma ni ce ɓarauniya?"

Insifekta bai ce mata ta zauna ba. Da ta gama ya sa wa Hashim ankwa, aka fita da shi ta gabanta.

Hashim dai yana gidan kaso. Mutari ya sha tara, ya koma gwangwaninsa. Nabila ta ce ta fasa. Insifekta Sabiru an canza masa wurin aiki zuwa Maraɗi. Inna Safi da matanta sun gyara ramukansu sun cire wakensu, amma har yau filin aro ne a hannunsu. Jirgin yana nan ba fukafuki, awaki sun koma gindin gawo.