Awakin Gidan Tsando

Ruwa ya tare hanya kwana uku, sai ranar Litinin rahoton ya iske Sufeto Gwadabe a Tudun Wada. Ranar Juma'a aka sace awaki goma sha biyu a Gidan Tsando, inda wani Bature likitan dabbobi yake gwajin maganin sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi, a bakin dajin Doguwa.

Kafin Sufeto ya iso, dagaci ya gama shari'arsa. Ya kulle Malam Abdussalami, wanda ya shekara yana wa'azi a daina gwaji a jikin dabbobi, har ya sa mutum ɗari biyu suka dangwala yatsa a takardar koke. Gobe za a wuce da tsohon zuwa gidan yarin Kano. A wurin dagaci, wanda ya fi kowa magana shi ne ɓarawo.

Ɗakin da aka kulle shi ko taga babu. Malam na zaune a ƙasa yana jan carbi.

"Allah gafarta Malam, kai ka saki awakin?"

"Ni ne."

"Ta ina ka shiga?"

"Kwaɗon na ɓalle da gatari," in ji Malam.

Da Sufeto ya isa Gidan Tsando, ga kwaɗo nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya yi tsaki. Ƙarya ma sana'a ce, Malam kuwa bai koye ta ba. Akwai wanda yake rufa wa asiri.

Baturen ya tafi Kano. Sai Inuwa kaɗai, wanda ya shekara bakwai yana kula da awakin. Ana zafi kamar a tsaga ƙasa a shige, amma ya ɓalla maɓallan rigarsa har wuyan hannu.

"Kana ina ranar Juma'a?"

"Masallaci, yallaɓai. Makullin a rataye na bar shi, kowa na iya ɗauka."

"Nuna mini aikinku."

Inuwa ya kai shi wani ɗaki mai cunkushe da 'yan akwatunan raga, kowanne kamar tafin hannu, cike da tsando. Ya ce kullum da safe yana aske gefen akuya, ya ɗaura mata akwati, ƙudajen su sha jini ta cikin ragar. Na cikin akwatuna masu jan fenti su ne masu cutar da ke kama har mutum, ciwon barci.

"In ba su sha ba fa?"

"Kwana uku, sai su fara mutuwa."

Sufeto ya ɗaga akwati ɗaya ga haske. Cikin kowane ƙuda jawur, ya kumbura tam. Ya leƙa tsakar gida. Ko kaza babu, balle akuyar da za su sha jininta.

Ya jira har aka kira Azahar. Ya cika buta ya miƙa wa Inuwa.

"Bismilla, fara alwala, mu yi jam'i."

Inuwa ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya wanke fuska. Sai ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Mutum na iya yi wa ɗan sanda ƙarya, amma ba ya tsayawa gaban Ubangijinsa da rabin alwala.

A hankali ya naɗe hannun riga. Daga wuyan hannu har gwiwa shatin akwatuna ne a jere, sun yi ruɗu-ruɗu.

"Ni na kora su hayin kogi, yallaɓai," ya ce. "Shekara bakwai ina danne su suna kuka, ina kallo suna ramewa har su faɗi. Malam ya ce duk abin da ka kulle, za a tambaye ka. Na daina iya cin abinci."

"Ka bar tsoho a kulle saboda kai?"

"Na je wurinsa da kaina. Ya ce in koma, ina da yara biyar, shi kuwa bakinsa ne ya tura ni."

"To, ƙudajen fa? Da ka bar su sun mutu, wa zai gane ka?"

Inuwa ya dube shi kamar bai ji Hausa ba. "Ai su ma ni na kulle su."

"Har masu jan fentin?" in ji Sufeto.

"Duka, yallaɓai. Yunwa ba ta san fenti ba."

Suka yi sallar tare. Sufeto ya aika wa dagaci a saki Malam nan take. Ya zaro ankwa, ya dubi hannayen, ya mayar da ita aljihu. Ya ce wa direba asibiti tukuna, kotu daga baya. Bai taɓa kama mutum ya ji kunya irin ta yau ba.

Suna fita ƙofa suka yi kiciɓis da motar Baturen tana shigowa. A bayanta awaki ne sababbi, an ɗaure su wuya da wuya, suna leƙe.

Inuwa ya ƙirga su da ido, leɓensa na motsi.

"Ashirin ne, yallaɓai," ya ce.