Shimfiɗar da Tanimu Ya Yi wa Mati

Tunda kun nace, to ku matso. Ke Murja, janye ƙafarki daga bakin ƙofa. Kai kuma Sagir, in ka san za ka tashe ni in raka ka bayan gida, gara ka shige ɗaki tun yanzu.

Kun san Tanimu mai gadin gidan mai na bakin kasuwa, wanda kuke tsokana kuna ce masa Mujiya? To ba da gadi ya fara ba. Direba ne, kuma direban da ake ji da shi. Motar wani kamfani yake ja, irin babbar nan mai ɗan gado a bayan kujera. Yakan ɗauko katan-katan na taliya da sabulu daga Kano, ya bi shaguna yana saukewa har Jos. Hanyar ta ratsa nan Saminaka, ta kusa da gidansa, amma sau da yawa sai dai ya danna hon ya wuce.

'Yarsa ɗaya a lokacin, Ladidi, ba ta daɗe da yaye ba. Yarinyar nan tana da wata ɗabi'a. Duk daren da ubanta ya kwana gida, ba ta barci a ko'ina sai a kan ƙirjinsa. Uwarta Kulu ta yi rarrashi ta yi faɗa, a banza. Shi kuwa Tanimu, duk duniya ba abin da yake so kamar nauyin yarinyar nan a kansa.

Doka ta yanka wa direba iyakar awowin da zai yi a kan sitiyari. In ya cika su, dole ya tsaya ya huta. In kuwa ana so mota ta ci gaba da tafiya, sai dai direbobi su zama biyu, ɗaya na ja, ɗaya na barci a baya. Jami'an hanya suna tsayawa a shinge suna dubawa. Amma manajan su Tanimu mutum ne mai daɗin baki da maƙon tsiya.

"Direba biyu na me?" in ji shi. "Kai ɗaya ai ka yi biyu, Tanimu."

Tanimu kuwa akwai son yabo. Nan take kansa ya kumbura.

Direbobi suna da dabararsu. Sai a jera buhun dusa biyu a kan gadon nan na baya, a lulluɓe da bargo, a saƙala takalmi ta ƙasa yana leƙowa. Jami'i ya haska tocila, ya ga mutum kwance, ya ce a wuce. Wani tsohon direba, Baba Jatau, shi ya koya wa Tanimu, kuma ya haɗa masa da kashedi.

"Takalmin juji ake sawa, wanda ba shi da mai shi. Kana isa, ka warware shimfiɗar. Kuma kome za a yi, kar ka raɗa masa suna."

Tanimu ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya fara taɓa Baba. Ranar da zai tashi yana sauri, bai tsaya neman na juji ba. Ya jawo nasa sau-ciki na zuwa Juma'a ya saƙala.

A shingen da ke bayan dajin Falgore wani jami'i mai furfura ya tsayar da shi. Ya haska baya.

"Ku nawa ne?"

"Mu biyu, yallaɓai."

"Wane ne a kwance?"

Tanimu bai shirya wa wannan tambayar ba. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mati ne. Shi ya jawo tun safe."

Don ƙarya ta zauna daidai, har ya miƙa hannu ya ɗan bubbuga bargon.

"Yi barcinka, Mati. Yi mana na mu biyu."

Jami'in ya yi murmushi, ya ɗaga hannu. Tanimu ya wuce yana yaba wa kansa wayo. Da ya isa Jos ƙyuya ta hana shi warware shimfiɗar. Ya ce ai gobe ma zai buƙace ta.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Da fari murna ya yi. Ya daina sayen goro, ya daina tsayawa wurin mai shayi. Ya sauke kaya ya juya Kano, aka yi masa lodi ya sake juyowa. Manaja har da dafa masa kafaɗa a gaban mutane. Amma jiki ba ƙarfe ba ne. Idanunsa suka kaɗa suka yi jawur. Ya kwanta a benci a garejin kamfani, ya rufe ido, ya juya dama, ya juya hagu. Gajiya tana nan kamar an ɗora masa dutsen niƙa, barci kuwa ko alamarsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa, bari dai in kwana gida, in Ladidi ta hau ƙirjina zai zo.

A tafiya ta gaba, rana ta yi ja lokacin da ya shiga dajin. An yi ruwa da la'asar, kwalta tana sheƙi. Ba mota gabansa, ba mota bayansa.

Sai ya ji minshari.

Ya kashe rediyo. Minsharin ya ci gaba, a hankali, daga bayan kujerarsa. Yana ja, yana saki, a ƙarshe ya yi ɗan fito. Tanimu ya san wannan fiton. Kulu ta sha kwaikwayonsa tana dariya. Nasa ne.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Bargon yana tashi, yana sauka.

Ya taka birki. Birkin ya nutse har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ta ci gaba da tafiyarta. Ya so ya kai hannu ga makulli, ya ji tafukansa sun manne da sitiyari. Ya ɗauko addu'a, amma kan da ya kwana biyu bai huta ba ina zai riƙe? Ya fara, ya kai tsakiya, ƙarshen ya ɓace masa. Ya sake farawa.

Minsharin ya tsaya.

Wani abu ya tashi zaune, da bargon a kansa har fuska. Ya sauko da ƙafafunsa ta tsakanin kujerun. Tanimu bai juya ba, amma gefen ido ya nuna masa. Takalmansa ne na Juma'a. Mai su yana fuskantar gaba, su kuwa bakinsu yana duban baya. Dugadugan ne a gaba.

"Sannu da tuƙi."

Muryar Tanimu ce, irin ta wanda ya farka yanzu.

"Wane ne?"

"Mati."

"Babu wani Mati."

"Kai ka ce akwai. A gaban hukuma."



"Me kake so?"

"Ka yi mini shimfiɗa. Ka ba ni takalmi. Ka ce in yi mana na mu biyu." Ya yi hamma mai tsawo. "Na yi. Barcinka da daɗi, sai dai akwai ɗacin gajiya."

Motar ta sha kwana da kanta. Itatuwa suna wucewa baƙi ƙirin.

"A jikin barcin nan na ji ƙamshin wani," in ji Mati. "Ƙarami. Mai ɗumi. Nan yake kwana."

Wani yatsa mai sanyi ya fito daga bargon, ya taɓa ƙirjin Tanimu, daidai inda Ladidi take ɗora kunnenta.

"Ba ka isa ba," in ji Tanimu. Muryarsa ko shi da kyar ya ji ta.

"Gida za mu. Baƙo ai mai masaukinsa yake bi."

A nan tsoron Tanimu ya sauya. A da kansa yake ji wa, yanzu ya manta da kansa. Ya ga 'yarsa zaune a tsakar gida, ido jawur, tana kuka ba ta san abin da aka ɗauke mata ba. Ya tattara ƙarfinsa ya murɗa sitiyari, yana nufin gara ya afka daji kowa ya rasa. Sitiyarin bai motsa ba. Ya doki ƙofa da kafaɗa. Ya yi ihu, gilashi a rufe, ba mai ji. Suka wuce gadar da ya sani. Suka wuce rumfar masu sayar da zuma, ba kowa a ciki. Duk abin da ya gane a bakin hanya yana gaya masa gida ya ƙara matsowa. Shi da ya saba ɗokin ganin waɗannan alamu, ran nan kowacce ya gani sai gabansa ya faɗi.

Can sai ga 'yan fitilu a gaba. Shinge.

Mati ya ja tsaki. Ya janye ƙafafunsa, ya koma ya miƙe a gadon, ya gyara bargo. Ba shi da zaɓi, aikin da aka yi shi dominsa ke nan. Minshari ya dawo. Kuma a daidai lokacin birki ya kama.

Jami'in nan ne mai furfura. Ya haska ciki, ya gane su.

"A'a, su Mati ne. Kullum shi dai barci. Ku wuce."

Tanimu ya ji motar ta fara tsuma za ta tashi. Ya san in ya wuce wannan shingen, ba wani kuma sai ƙofar gidansa. Ya san kuma abin da gaskiya za ta ci masa: lasinsa, da aikinsa, da sunan da ya yi a cikin direbobi.

"Yallaɓai, ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai? Ga mutum yana minshari."

"Ƙarya na yi maka ran nan. Ba ni da abokin tuƙi, ban taɓa yi ba. Na wuce awowina tun tuni. Don Allah ka kama ni."

Jami'in ya dawo da tocilar kan fuskar Tanimu. Ya daɗe yana kallon idanun nan.

"Kashe motar."

"Ba zan iya ba. Sa hannu ka zare makullin da kanka."

Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya taka matakala, ya buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa, ya yi bisimilla ya zare makulli. Inji ya mutu. Minshari ya mutu tare da shi. Hannuwan Tanimu suka zame daga sitiyari suka faɗo kan cinyarsa.

"Sauko," in ji jami'in, ya juya yana kiran abokin aikinsa.

Tanimu ya yunƙura. Yatsun nan masu sanyi suka riƙe masa wuyan riga ta baya. Muryar ta zo daidai kunnensa, ƙasa-ƙasa.

"Ka ƙaryata ni a gaban mutane. To, zan tafi. Amma baƙo ba ya tafiya hannu rabbana."

"Riƙe takalman."

"Nawa ne tuni. Barci nake ci. Naka ko nata."

"Nawa."

"Na daren yau ba zai kai ni ko'ina ba."

"Ɗauki duka. Har wanda ban kai gare shi ba. Amma ba ka taka Saminaka."

"Duka?"

"Duka."

Yatsun suka saki. Bargon ya lotsa.

Da jami'an suka yaye shi, buhun dusa biyu suka gani. Takalmi babu. Tanimu ya sauko yana tangaɗi, ya dubi taɓon da ke gefen kwalta. Ga sawun sau-ciki nan sabo, bakinsa ya miƙe sak ya nufi Saminaka. Ya durƙushe a wurin. Sai can ya tuna yadda ƙafafun Mati suke. Sawun da ya dubi gari, mai shi daji ya nufa.

An karɓe lasinsa. Manaja ya rantse bai ma san da zancen buhu ba, ya sallame shi. Wata motar haya ce ta kawo shi gida.

Ladidi na ganinsa ta rarrafo kan tabarma, ta haye ƙirjinsa, ta ɗora kunne. Kafin Kulu ta kawo ruwa har ta yi barci. Tanimu ya kwanta yana jin numfashinta, idonsa a kan rufin ɗaki, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Daɗi yake ji, kuma ya san abin da ya rasa. Haka ya kwana har aka kira sallah. An kai shi asibiti, an kai shi wurin malamai, ya sha rubutu ya sha ƙwaya. Har yau ɗin nan Tanimu bai runtsa ba. Shi ya sa ya kama gadi.

Ladidi kuwa kun san ta, ita ce mai kai masa tuwo da magariba. Duk unguwar nan ba mai nauyin barcinta. Rana ta fito, Kulu ta ɗauko moɗa za ta yayyafa mata ruwa, sai Tanimu ya shigo daga gadi ya riƙe hannunta.

"Ƙyale ta, Kulu. An riga an biya."

Saboda haka daga yau kar in sake jin wani ya ce masa Mujiya. In kun girma Allah ya sa ku a hanya, gajiya ta zo, ku tsaya ku kwanta, kaya ba sa guduwa. Kada ku ratsa dajin nan ku kaɗai. In kuma dole ta sa, to ku kaɗai ɗin ne, kar wanda ya ce mu biyu.

Sagir, waccan tabarmar da ka shimfiɗa a lungu, ba kowa a kai, ta wace ce? Tashi ka naɗe ta.