Mai Tafiya a Injin Baba

Yammacin ranar bai bambanta da sauran ba. Mama na kicin, ƙamshin soyayyar albasa ya cika gidan, daga ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda kuma ana jin gurnanin injin tafiyar Baba, kamar kullum idan rana ta kusa faɗuwa. Abu ɗaya ne ya sauya: Auta ta tashi daga aiki da wuri.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da biyu yana zaune bayan sitiyari, har zaman ya cinye masa ƙafafu, ranar nan kuma zuciya ta kayar da shi a bakin ƙofa. Likita bai yi masa rufa-rufa ba, ya ce ko tafiya kullum, ko a fara shirin abin da ba a so. Titin unguwarsu kuwa daga rami sai mota. Shi ya sa Auta, ƙaramar 'yarsa mai aiki a kantin magani, ta sayo injin nan da mutum ke hawa yana tafiya, bel yana juyawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ɗakin ajiya aka kwashe, wanda ya yi shekaru ba mai shiga. Mai haɗa injin ya shimfiɗa tabarmar roba, ya daidaita ƙafafunsa har ya daina rawa, ya nuna wa Auta yadda ake ɗaga gefen bel a zuba mai, da notin baya da ake juyawa idan bel ya karkace. Daga nan ya ɗago wani ɗan jan makulli mai igiya.

"Wannan a riga ake maƙala shi. Mutum ya zame, ya fizge, inji ya tsaya. Kuma don Allah kada a bar shi yana juyi ba kowa a kai."

Wuta da lalacewar bel yake nufi, bawan Allah.

Baba ya yi kwana uku yana hawa, yana mita. "Hanyar da ba ta kai ka ko'ina, ita ma hanya ce?" A rana ta huɗu ƙirjinsa ya buga da ƙarfi, idonsa ya yi duhu, ya riƙe ƙarfen gefe yana salati. Tsoro ya shige shi, tsoro na gaske, don ya ga kamar a kan abin nan zai cika. Amma namijin da ya ratsa dazuzzuka da tirela ba zai ce wa 'yar cikinsa yana tsoron tabarma mai juyi ba. Sai ya ɓullo da dabara. Ya rufe ƙofa, ya manna makullin a injin, ya kunna, ya koma kujera a kusurwa ya miƙe ƙafa. Minti arba'in na cika ya kashe, ya yayyafa ruwa a goshi da wuyan riga, ya fito yana haki. Allon injin ya nuna kilomita uku. Auta ta ɗauka a waya tana murna, tana cewa likita sai ya yi mamaki. Tsufa dai ba ya hana wayo, sai dai ya hana a zarge ka.

A mako na biyu Auta ta fara ganin jan yashi a ƙarƙashin bel duk ranar da ta zo gogewa, alhali takalman da ta saya wa Baba ba sa fita waje. Bel ɗin kuma kullum sai ya zame gefe guda, ta juya noti ta daidaita, washegari ya koma. Da magariba ana jin ƙananan tsakuwoyi suna faɗowa kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, a fita a duba ba kowa. Mama ta ce tsuntsaye ne. Ita abin da ya faranta mata shi ne takun da take ji daga ɗakin, dim, dim, dim, har ta ce, "Kai, Babanku ya dage."

Baba ya fi kowa jin takun, tunda yana zaune taku uku daga injin. Da idonsa ya ga bel yana lotsawa, nan sannan can, ba ƙafar kowa a kai. Faɗin abin kuwa tonon asirin kansa ne, sai ya haɗiye. Abin da ya yi kawai, ya daina zama a ɗakin. In ya kunna sai ya sulale ta ƙofar baya ya zauna a gindin tankin ruwa har lokaci ya cika.

To a wannan yammacin Auta ta tura ƙofa da kofin ruwa a hannu, tana shirin tsokanarsa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, hasken allon injin kaɗai ke ci. Ba Baba. Bel na juyawa, takun na sauka a kai a hankali, kamar na wanda ya gaji. Ta tsaya. Ba ta yi tunani ba, ta miƙa hannu ta fizge jan makullin.

Injin ya tsaya cak. Wani abu mai nauyi da sanyi ya faɗo mata a ƙirji, kofin ya tarwatse a ƙasa.

Da aka ɗauke ta zuwa gado idonta a buɗe yake, ba ta ganin kowa. Ƙafafunta kuwa suna tafiya. Tana kwance, amma suna ɗagawa suna sauka, dama, hagu, ba tsayawa. Mama ta danne su da duk ƙarfinta, suka ture ta. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka yi allurar barci, ta yi barcin, ƙafafun ba su yi ba. Kwana uku a haka. Dugaduganta suka sale saboda gogar zanin gado, gwiwoyinta suka kumbura, ta rame kamar an zuƙe ta. Likitan da ya duba ta ya ce in jikin bai huta ba, zuciyarta ba za ta jure ba. Baba na tsaye a bakin ƙofa ya ji, ya kasa haɗa ido da kowa.

A rana ta huɗu aka dawo da ita gida, bayan la'asar aka kawo wani malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya ce a kai ta ɗakin da abin ya faru. Aka kwantar da ita a katifa kusa da injin, ya zauna a gefen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, sannan toka-toka. Gidan ya yi tsit, sai muryarsa da shafar dugadugan yarinyar a kan katifa.

Can bakin Auta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a dashe.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Mai wucewa ce. Ta nan hanyata take tun kafin a sa tubalin gidan nan. Kullum da faɗuwar rana nake bi in koma wurin 'ya'yana. Rannan na iske an shimfiɗa hanya a kan hanyata, tana tafiya, ba kowa a kai. Na hau."

"Me ya hana ki sauka?"

"Mu ba ma barin hanya sai ta ƙare, ko mai ita ya karɓi abarsa. Wannan ba ta ƙarewa. Kwana arba'in ina tafiya ban isa gida ba. Na yi jifa a rufi, ba wanda ya kula. Sai yarinyar nan ta fizge ƙasa daga ƙarƙashina, na faɗa kanta." Muryar ta yi ƙasa. "Ƙafafuna sun ƙare. Ku bar mini nata su kai ni."

"Ba ki da haƙƙi a kansu," in ji Malam. "Zalunci ne, kin kuma sani. Ki ji tsoron Allah."

"To mai hanyar ya zo ya karɓa, in wuce."

Malam ya ɗago kai. "Wa ke hawa injin nan?"

"Babansu," Mama ta ce da sauri. "Kullum, wallahi, kilomita uku."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba wanda ya ji ta da zai so ya sake ji. "Ni na yi su. Ban taɓa ganin ƙafar bil'adama a kanta ba."

Mama ta juya ta kalli mijinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ya zame jikin bango ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa.

"Gaskiya ta faɗa. Ni nake kunnawa in gudu. Tsoro nake ji, Malam. Ina ganin in na hau, a kai zan mutu."

Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Malam ya ce a hankali, "Ba don umarninta za ka hau ba, ba ta da iko da kai. Amma kai ka bar ƙofar nan a buɗe. Ga 'yarka."

Baba ya kalli dugadugan Auta, jini ya ɓata katifar. Ya tashi. Ya ɗauko takalman nan da ƙasansu ke nan sabo fil, ya fara ɗaurawa, Mama ta durƙusa ta ƙarasa masa igiyar. Ya mayar da jan makullin jikin injin, ya maƙala igiyarsa a rigarsa, ya yi bisimilla, ya hau, ya danna mafi ƙarancin gudu.

Bel ya motsa. Ya ɗaga ƙafa, ya ajiye. Ƙirjinsa na dukan uku-uku, gumi na gaske ya keto masa. Malam ya ɗaga murya da karatu. A taku na goma ƙafafun Auta suka fara sassautawa. Baba bai waiwaya ba, ya riƙe ƙarfe, yana tafiya yana kuka.

"Na ga ƙarshenta," muryar ta ce, kamar daga nesa. "Ga hanyata can."

"Ki yi alkawari ba za ki dawo jikinta ba, ba kuma za ki taɓa kowa a gidan nan ba."

"Na yi. Ku ma kada ku ƙara barin hanya tana tafiya ita kaɗai."

Babban yatsan ƙafar Auta na hagu ya yi karkarwa, ya miƙe, ya saki. Labulen taga ya ɗaga ba iska, ya koma. Ƙafafun suka kwanta shiru a kan katifa, karon farko cikin kwana huɗu. Ta lumshe ido, ta buɗe, ta ce da muryarta, "Mama, ruwa."

Sai da ta yi mako biyu kafin ta iya taka ƙasa. Ba ta taɓa tayar wa Baba da maganar ba, shi ma bai nemi ta yafe da baki ba, don ya san ba da baki ake wannan ba. Aka mayar da hawan injin da safe, ƙofa a buɗe, Mama na zaune a kujerar nan ta kusurwa tana sa ido. Yana gamawa a zare makulli a rataye a ƙusa, a cire wuta. Yashi bai sake taruwa ba, bel ya zauna a tsakiya.

Ranar da Auta ta fara fitowa tana dafa bango, ta iske shi ya sauko, yana zaune a bakin injin yana haki. Ta leƙa allon. Mita ɗari huɗu. Ta zaro waya.

"Haba Auta, kar ki ɗauka," ya ce, ya kawar da kai. "Wannan ai abin kunya ne a nuna wa likita."

Ta ɗauka. Ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta goge duk hotunan kilomita ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ta bar wannan shi kaɗai.

"Wannan naka ne, Baba," ta ce.